Inna Ta Je Kano Shaidar Na Goggo

Tun da ƙafata ta dawo Badafi ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na je niƙa a tare ni, in na je barka a ja ni gefe. "Dije, wai da gaske lauyoyin Kano gashin tunkiya suke sawa a ka?" "Dije, wai Inna ta yi magana a gaban maza?" Har wadda rabonta da gaishe ni tun bikin 'yarta, yanzu ita ce mai yi mini sallama da sassafe. To, ga shi zan faɗa daga farko har ƙarshe, kowa ta ji da kunnenta, don wallahi bakina ya gaji da maimaici.

Wadda ba ta san gidanmu ba, bari in fara mata daga nan. Mu mutanen wata ruga ne a bayan Riruwai, muna kiwo muna noma. Ni ce auta, aure ne ya kawo ni ƙasar Kiru. Babbanmu shi ne Yaya Ilu, ɗan farin Inna. Kun dai san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fi ta kowa. Tun da aka yaye shi Goggo, yayar mahaifinmu, ta ɗauke shi, ita ta raine shi har ta yi masa aure. Na tashi ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Na Goggo" take ce masa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda ya zauna. In tana son ya yi mata wani abu, ko yana tsaye a gabanta, wani za ta gaya wa ya gaya masa. Goggo ta rasu, mahaifinmu ya rasu, furfura ta fito wa Yaya a gemu, amma shi dai na Goggo ne.

Abin ya faro ne wata shekara gab da faɗuwar damina, na je ganin gida. Rufin ɗakin Inna ya mutu. Muna zaune ta ce da ni, "Auta, ki ce wa na Goggo ya kai jan san nan nawa kasuwa, a sayo kwano a rufa ɗakin." Yana bakin ƙofa fa, yana ji. Na juya na ce, "Yaya, ka ji." Ya ce, "Na ji." Ranar kasuwa ya sa san a mota ya kai kara, kasuwar shanu, a Tudun Wada. Bai ko gama gaisawa da dillalai ba wani mutum ya cafke igiyar, ya ce wannan sa nasa ne. Ashe kwanakin baya 'yan fashi sun shiga rugarsa a gefen dajin Falgore da bindigogi, sun kore garkensa, sun harbi ƙanensa a ƙafa. Allah ya sani ban taɓa riƙe mutumin nan a raina ba. Wanda aka kwashe wa garke, duk jan san da ya gani nasa zai ce.

Yaya ya gaya wa 'yan sanda san na mahaifiyarsa ne, ita ta sa shi ya kawo. Su kuma suka tura mutum rugarmu ya tambaya. Ni na riga na dawo nan. Wanda aka turo ɗan wata nahiya ne can nesa, Hausarsa ta bariki. Ya tarar da Inna, ga Ardo, ga dattawan ruga sun taru. Ya nuna mata hoton Yaya a waya ya ce, "Mama, wannan ɗanki ne?" Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Na Goggo ne." Ya ce, "Ba naki ba?" Ta ce, "Na Goggo ne." Ya ce, "Ke kika aike shi da sa?" Ta ce, "Ni ban taɓa aikensa ba." Duk wanda ke wurin ya gane abin da take nufi, ba wanda ya ga abin gyarawa. An ce Ardo har gyaɗa kai yake, wai tsohuwa ta nuna tarbiyya. Mutumin kuwa ya rubuta abin da ya ji ya tafi.

Shi ke nan fa. Magana ta tashi daga rigimar sa ta koma fashi da makami. Aka kai Yaya gaban majistare a Tudun Wada, majistare ya ce laifi mai girma irin wannan ya fi ƙarfin kotunsa, sai Babbar Kotun Jiha. Aka wuce da shi gidan yari a Kano. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi babu shi, wata daminar ta sake zuwa. Sai bana bayan an cire amfanin gona wata lauya ta kira maigidana, irin waɗanda ake bai wa marasa ƙarfi. Ta ce masu ƙara sun gama kawo shaidunsu, an sa ranar da za a ji na Yaya, lallai a zo da tsohuwa.

Ni na je ɗauko ta. Da na shiga ɗakinta sai da hawaye ya zubo mini. Ta rame, kuma rufin nan yana nan yadda na bar shi. Matar Yaya ta ce sauran yayyena sun yi sun yi su gyara, ta hana. In ana ruwa sai ta jera ƙore a tsakar ɗaki ta koma lungu ta zauna. Na ce, "Haba Inna, wannan wace irin azaba ce?" Ta ce, "Ki bar shi, Auta."

Inna ba ta taɓa wuce Tudun Wada ba a rayuwarta. Shirinta kuwa sai ka ce mai zuwa biki. Ta wanke babbar ƙwaryarta ta cika da kindirmo, ta kirɓa fura, ta cika kwalba da man shanu. Na ce na wa? Ta ce, "Na alƙali mana. Ana zuwa gaban babba hannu rabbana?" Na kuma ga ta cure wata furar daban, ta sa mata yaji fiye da sauran, ta ƙulle a ƙyalle ta tura cikin zaninta. Wannan ban tambaya ba, don na san wa ke son fura mai yaji a gidanmu.

Mun fito da hantsi a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi. A Doguwa muka sake wata, nan ne Allah ya haɗa mu da Malam Sale. Wani dattijo ne siriri mai jakar fata cike da takardu, ya rungume ta a ƙirji. Ba mu tambaye shi ba, shi ya fara. Wai shari'ar gadon gona yake yi da ɗan baffansa tun yaransa suna ƙanana, yanzu har sun yi aure. Yana faɗa yana murmushi kamar mai ba da labarin aikin Hajji.

Da ya ji mu ma kotu za mu, sai ya gyara zama. Ya ce, "Yarinya, kotu hawa-hawa ce, kuma hanya biyu ce. Akwai tamu ta shari'ar Musulunci, can ake kai aure da saki da gado da riƙon yara. Ka fara daga ƙaramar kotu, in ba ka gamsu ba ka ɗaukaka zuwa babba, in ba ka gamsu ba ka wuce ta ɗaukaka ƙara a Kano. Ni yanzu can nake." Ya buga ƙirji. "Ɗaya hanyar ita ce ta majistare, samansa Babbar Kotun Jiha, inda za ku. Daga nan hanyoyin biyu sai su haɗe a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa. Samanta sai Kotun Ƙoli a Abuja. In ta yanke, to, sai dai ka kai ƙara wurin Allah." Na ce, "Malam, gonar fa, wa ke nomawa?" Ya ce, "Ai ciyawa ce ke ci." Duk motar aka tuntsire da dariya, shi ma yana yi.

A tsakiyar dajin Falgore akwai shingen sojoji, kowa sai ya sauko. Wani soja ya nuna ƙwaryar Inna da bakin bindiga ya ce mene ne a ciki. Ni gabana ya faɗi, ita ko a jikinta. Ta buɗe faifan ta ce, "Ɗan nan, kawo kofinka." Ya tsaya yana kallonta, can sai ya yi dariya ya ɗauko wani kofin roba, ta zuba masa. Sai dai ba ta mayar da faifan daidai ba. Muna tashi mota ta faɗa wani rami, kindirmo ya yi tsalle ya sauka a kan jakar Malam Sale. Innalillahi! Ku zo ku ga dattijo yana zaro takardu yana lashewa yana shanyawa a gwiwa, yana cewa, "Hukuncin Tudun Wada! Hukuncin Tudun Wada ya sha nono!" Inna ta yi ta ba shi haƙuri, ni kuwa na toshe baki da mayafi.

Ban sani ba ko haushin nonon ne, da muka kusa Tudun Wada sai ya ce, "Wai shin wa za ta yi wa shaida?" Na ce ɗanta. Ya taɓe baki ya ce, "Kun yi asarar kuɗin mota. Shaidar uwa ba ta ci a kan ɗanta, ko wane alƙali ka tambaya." Wallahi ji na yi kamar in fizge jakar in wurga ta taga. Na ce, "Malam, kai da ka kasa ƙwato gonarka, kai ne za ka yanke mana hukunci a mota?" Inna ta taɓa gwiwata ta ce, "Auta, babba ne." Na ƙyale shi, amma maganar ta zauna mini a ciki. Muka wuce ta gaban kotun majistaren da aka fara kai Yaya, na nuna wa Inna. Ta kalla ta kau da kai.

A Kwanar Ɗangora aka tsaya salla da cin abinci. Na sayo mana gurasa da dafaffen ƙwai, Inna ta ce ita ba ta ci a bakin titi maza suna wucewa. Haka ta yini da goro a baki har muka wuce Ciromawa da Kura muka shiga birni. Malam Sale ya sauka kafin mu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Iya, Allah ya fid da ɗanki." Inna ta ce amin a hankali, ba ta gyara masa ba.

Gidan Larai muka sauka, ƙanwar maigidana da ke aure a can. Ta karɓe mu hannu bibbiyu. Abin da ya fara ɗaure wa Inna kai shi ne ban ɗaki a cikin ɗakin kwana. Ta leƙa ta fito ta ce, "Auta, a nan suke kwana a nan suke zagawa?" Aka kawo mata shayi da madarar gari, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye ta ce, "Saniyar nan ba ta da lafiya." Larai ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan la'asar lauyar ta zo a adaidaita sahu. Hadiza sunanta, yarinya ce da ba za ta girme wa 'yata ta fari da yawa ba. Na ce a raina, wannan ce za ta fid da Yaya? Amma da ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, sai na ji ta kwanta mini. Ta zauna a tabarma ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce wannan ba rigimar mutum da mutum ba ce irin ta gona ko bashi, laifi ne ake tuhuma, saboda haka gwamnati ce mai ƙara, mai shanun shaida ne kawai. Ta ce a idon doka Yaya ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma nauyin tabbatarwar yana kan masu ƙara. Na ce, "To in ba mai laifi ba ne, me yake yi a kurkuku damina biyu?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, tuhuma mai nauyi irin wannan belinta wuya gare shi, shari'u kuma sun yi wa kotunan yawa. Ba zan ce miki daidai ne ba."

Na gaya mata maganar Malam Sale. Ta ce bai yi ƙarya ba, a kotun da ya saba zuwa haka ƙa'idar take, amma a wannan kotun ana sauraron uwa, sai alƙali ya auna maganarta da sauran hujjoji. Sai Inna ta turo ƙwaryar gabanta ta ce ga na alƙali. Hadiza ta dafe ƙirji ta ce, "Rufa mini asiri, Inna! In ƙwaryar nan ta shiga kotu, ni da ke duk sai mun kwana inda ɗanki yake. Cin hanci za a ce." Inna ta ce, "Nono ne cin hanci?" Ta daɗe tana juya abin. A wurinmu in ka je gaban Ardo ba ka riƙe komai ba ka raina shi, a can in ka riƙo ka zage shi. Ƙarshenta 'ya'yan Larai ne suka sha rabon alƙali.

Daga nan Hadiza ta zo kan maganar da ta kawo mu. Ta ce babbar hujjar masu ƙara ita ce abin da Inna ta faɗa wa ɗan sanda, don shi ya nuna kamar Yaya ƙarya ya yi tun farko. "Gobe zan tambaye ki ko kin san shi. Sai kin nuna shi da hannu, kin faɗi sunansa, kin faɗi yadda kuke." Na yi caraf na ce ni zan faɗa a madadinta. Ta ce, "Ke za ki faɗi abin da kika gani kika ji. Amma maganar da ta fito daga bakin Inna, bakin Inna ne kaɗai zai gyara ta." Ta juya ta ce, "Mu gwada, Inna. Wane ne shi?" Inna ta kalli tabarma. Ta ce, "Na Goggo ne."

Da Hadiza ta tafi na kasa riƙe bakina, kun san ni. Na ce, "Inna, kunya ce za ta kashe miki ɗa? Kin san hukuncin fashi da makami kuwa? Mutum yana can yana ruɓewa, ke kina nan kina na Goggo, na Goggo! Goggon tana kabari!" Ina rufe baki na yi nadama. Ba ta yi fushi ba. Ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Auta, ke da bakinki aka haife ki. Ni ina yarinya na same shi. Ko nono ban taɓa ba shi a gaban mutane ba. Ranar da Goggo ta goya shi ta fita, ina daka, ban ɗaga kai ba, don ana kallona. Da ya yi ƙyanda yana ɗakinta, a bayan zana nake yini ina sauraron numfashinsa, in an zo wucewa in yi kamar itace nake nema." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba ranar da ba na kiran sunan nan in na kai goshina ƙasa. A fili ne harshena bai san hanyarsa ba." Na matsa na kwantar da kaina a kafaɗarta har aka kira magariba.

Da safe muka tafi kotu. Gini ne babba, mutane ko'ina, ga lauyoyi cikin baƙaƙen riguna har ƙasa a wannan zafi. Kuma e, masu tambaya, da gaske ne, wani farin abu mai kama da gashin tunkiya suke kifawa a ka. Hadiza ta ɗora nata a kan ɗankwali, da ƙyar na gane ta. A bakin ƙofa Inna ta tuɓe takalmi ta riƙe a hannu, wani ma'aikaci ya ce ta mayar, ta ƙi. Da muka shiga ta nemi ƙasa za ta zauna, na ja ta kan benci. Can sai aka buga ƙofa, wani ya daka tsawa, "Kotu!" Kowa ya miƙe tsaye. Inna ita kaɗai ta durƙusa. A wurinmu in babba ya shigo ƙasa ake yi, a can sama ake yi.

Sai gandirobobi suka shigo da Yaya. Wayyo Allah. Rigar da ke jikinsa kamar an rataya a ƙusa, gemun ya yi fari fat. Ya waiga ya gan ni ya yi murmushi. Da idonsa ya kai kan wadda ke gefena, sai ya yi sauri ya sunkuyar da kai, yadda ya saba tun yana yaro. Ita kuma ta juya fuska bango.

Aka ce shaidu su fita waje, kada wani ya ji ta bakin wani. Ni aka fara kira. Da Turanci ake komai, akwai tafinta a tsaye yana juyawa. Na faɗi yadda aka yi aiken sa, har na fara ƙarawa da labarin rufin ɗaki da halin 'yan sanda, alƙali ya ce in tsaya kan abin da aka tambaye ni. Dattijo ne mai gilashi, komai aka faɗa sai ya rubuta da hannunsa. Da na gama aka bar ni na zauna a ciki, aka kira Inna.

Ta shigo da takalminta a hannu. Aka tsayar da ita a wani ɗan akwatin katako, aka tambaye ta ko za ta rantse ko za ta yi alkawarin faɗar gaskiya. Ta ce, "Ban taso daga Riruwai don in yi ƙarya ba." Hadiza ta fara da san. Ta miƙa mata hotonsa da na kunnensa. Nan fa bakin Inna ya buɗe. Ta ce wannan ɗan saniyarta Wule ne, Wule 'yar Fure, Fure kuwa jikar saniyar da mahaifinta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ta nuna tsagar kunnen ta ce ta gidan ubanta ce, uwar san tana nan a garke da irinta, duk mai so ya je ya duba. Tafinta har haƙi yake wajen bin ta.

Sai Hadiza ta ce, "Kin san mutumin da ke tsaye can?" Inna ta ce, "Na san shi." "Wane ne?" Ana jin ƙarar fanka. Ni kuwa na damƙe bencin har farcena ya yi zafi. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na Goggo ne." Tafinta ya juya, na ga lauyan gwamnati ya rubuta wani abu. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe shi.

Alƙali ya ajiye alƙalaminsa, ya cire gilashi. Sai ya yi magana da Hausa, Hausa sak irin tamu. Ya ce, "Iya, ni ma ɗan fari ne, na san abin da ya riƙe miki harshe. Ba zan gaya miki abin da za ki ce ba, ba ni da wannan ikon. Amma abin da kika faɗa shi zan rubuta, abin da na rubuta kuma shi alƙalan da ke sama da ni za su karanta in magana ta je gare su. Su ba za su ga fuskarki ba." Ya mayar da gilashinsa ya ɗauki alƙalami ya jira.

Inna ta sunkuya ta ajiye takalman nan a ƙasa. Ta ɗago. Ta juya ta kalli Yaya, kallo na sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ta ɗaga hannu ta nuna shi. Muryarta ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Iliyasu ne. Sunansa Iliyasu. Ni na haife shi, shi ne na farko. San nawa ne, ni na sa a kai."

Yaya ya kama katakon gabansa da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara girgiza. Mutum mai furfura yana kuka kamar yaron da aka yaye. Gandiroban da ke gefensa ya kau da kai. Ni ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi ba, sai da aka daka mini tsawa.

Lauyan gwamnati ya miƙe, don shi ma yana da damar yi mata tambayoyi. Ya ce, "Kin san shanu har kakanninsu, amma kin ce wa ɗan sanda wannan ba ɗanki ba ne, kuma ba ki aike shi ba. Yaushe kika yi ƙarya, ran nan ko yau?" Inna ta ce, "Ban ce ba nawa ba ne, na ce na Goggo ne, ita ta raine shi. Kuma ban aike shi ba. Auta na gaya wa ta gaya masa." Wasu suka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Ya juya tambayar ta nan, ya juya ta can, amsarta ɗaya. Ya zauna.

Ni na ɗauka a take za a ce Yaya ya bi mu gida. Ina! Wai sai Ardo ya zo ya yi bayanin tsagar kunne, sai lauyoyi sun yi jawabin ƙarshe, sannan a sa ranar hukunci. A waje, kafin a sa shi a mota, Inna ta zaro ƙullin nan daga zaninta ta miƙo mini tana kallon wani wuri. "Ki ba na Goggo." Gandiroba ya ce sai na ɗanɗana a gabansa. Na gutsura, yaji ya hau mini kai, na miƙa. Yaya ya karɓa da hannu biyu.

Ranar hukunci maza ne suka je, ni na koma ruga na zauna da Inna. Da azahar maigidana ya kira ya ce kotu ta ce masu ƙara ba su tabbatar da tuhumarsu ba, an sallame shi, an wanke shi. Na fito tsakar gida ina guɗa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, sai dai na ga garin yana zuba a ƙasa ba a faifai ba.

Masu tambaya ko yanzu tana kiran sunansa, a'a. Sau ɗaya ne, ta mayar da shi inda ta ɗauko. Kwana kaɗan da dawowarsa, ƙafarsa ko ƙwari ba ta gama yi ba, ya sa aka kawo kwano ya hau rufin ɗakinta da kansa. Wannan karon ba ta hana ba. Rana ta take, yana sama yana buga ƙusa, ta fito da ƙwarya ta ajiye a inuwa. Ta ce da ni, "Auta, ki ce wa na Goggo ya sauko ya sha fura, rana ta yi zafi."

Na ɗaga kai zan maimaita, sai na ga ya dakata da guduma a hannu yana murmushi.

Ya ce, "Dije, ki ce mata Iliyasu ya ji."